Matata Baturiya tana so a sa wa ɗanmu Alfred, ni kuma na ji sunan ya shafi aljanu

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ɗan Zariya ne, ina aiki a Manchester, kuma na auri Baturiyar Ingila. Yanzu tana da cikin wata takwas, hoton asibiti ya nuna namiji ne. Mahaifinta ya rasu bara, sunansa Alfred, kuma ta roƙe ni a mayar da sunansa. Da farko ban ƙi ba. Sai na duba intanet na ga wai ma'anar sunan "shawarar aljanu", wani shafin ya ce "mai hikima", wani kuma ya ce "zaman lafiya". Tun daga nan hankalina bai kwanta ba. A gida kuma Baba yana raye, wannan ne ɗana na fari, kowa ya sa rai za a yi masa takwara. Ita tana cewa sunan ya dawo yayi a Ingila, wani abokin aikina kuma ya ce sunan tsofaffi ne, dariya za a yi wa yaro a makaranta. Ba na so in ɓata mata rai, ba na so in saɓa wa Baba, ba na so kuma in ɗora wa ɗana sunan da zan yi nadama. Mene ne mafita?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sauke ta lafiya, Ya ba ta haƙurin rashin mahaifinta.

Abin da ka gani a intanet ba ƙarya ba ne, gara mu faɗa maka tun yanzu kada wani ya rufe ka. Alfred daga tsohon Ingilishi ya fito, harshen da ake yi a Ingila kafin shekarar 1066, kuma a lokacin Ælfræd ake rubuta shi. Gaɓa biyu ne, ælf da ræd. Ræd shi ne shawara. Ælf kuwa wata halitta ce ta ɓoye da mutanen wancan zamani suka yi imani da ita, mai siffar mutum, ana yaba kyawunta, ana kuma zarginta da jefa wa mutane ciwo. A cikin littattafan maganinsu akwai surkullen da ake yi wa "harbin ælf", wato ciwon da ke soke mutum farat ɗaya ba a san daga ina ya zo ba. Bahaushe da iska zai kira wannan halitta. Saboda haka wanda ya fassara maka da "shawarar aljanu" bai kauce sosai ba. Shafin da ya ce "mai hikima" kwalliya ya yi wa ma'anar don ta yi wa iyaye daɗi. Wanda ya ce "zaman lafiya" kuwa ya yanka sunan ne a inda babu gaɓa: ya ɗauka Al ne da fred, ya haɗa shi da Frederick, wanda farkonsa ke nufin zaman lafiya a tsohon Jamusanci. Harafin f na Alfred na ælf ne. Al ɗin ma ba ta Larabci ba ce, duk da kunnenmu zai so ya ji ta haka.

Amma akwai abin da shafukan nan ba sa faɗa. Mutanen Ingila na wancan zamani suna da tarin gaɓoɓi da suke haɗawa biyu-biyu su fitar da suna, kuma ba lallai haɗin ya ba da ma'ana ba. Wulfstan, babban limamin cocin York, sunansa "kyarkeci" ne da "dutse". Sau da yawa gida kan riƙe gaɓa ɗaya ne kawai yana maimaita ta don a gane jininsa. Mahaifin sarki Alfred, sanannen sarkin nan na dā a Ingila da ya yi wa sunan suna, sunansa Æthelwulf, yayyensa kuma Æthelbald, Æthelberht da Æthelred. Gidan ya kai kimanin shekara 200 a cikin addinin Kirista kafin a haife shi, kuma tun yana ƙarami aka kai shi Roma. Ba wanda ya miƙa shi ga wata iska. Gaɓar ælf ta riga ta zama kayan suna kawai, har manyan malaman coci na ɗauke da ita: Ælfheah, babban limamin Canterbury da mayaƙan Viking, mahara daga arewacin Turai, suka kashe a 1012, da Ælfric, wanda wajen shekarar 1000 ya rubuta wa'azi kan ɓatan bautar gumaka. Yau idan ka tsayar da Bature a titin Manchester ka tambaye shi ma'anar Alfred, da wuya ya ambaci ælf. Ko dai ya ce sarkin nan, ko ya ce kakansa.

Sarkin ne ya riƙe sunan har ya kawo yau. An haife shi a Wantage wajen shekarar 849, ya hau sarautar Wessex, a kudancin Ingila, a 871, lokacin da mayaƙan Viking 'yan Denmark ke cinye masarautun Ingila ɗaya bayan ɗaya. A farkon 878 suka afka masa ba zato, ya tsere cikin fadamun Athelney da 'yan tsirarun mutane. Cikin watan Mayun shekarar ya tara mayaƙa ya ci su da yaƙi a Edington. Daga nan ya kewaye garuruwa kimanin 30 da ganuwa, ya tsara kundin dokoki, ya koyi Latin da girmansa, ya shiga fassara littattafai zuwa Ingilishi don waɗanda ba su jin Latin su iya karatu. Ya rasu ranar 26 ga Oktoba, 899. Daga baya aka laƙaba masa Mai Girma, kuma a 1901 aka kafa babban mutum-mutuminsa a Winchester. Yaran Ingila kuwa abin da suka fi sani game da shi wata almara ce: wai lokacin da yake ɓoye wata ƙauyiya ta bar shi ya duba mata waina a kan wuta, ya shagala da tunanin yaƙi ta ƙone, ta zazzage shi ba ta san sarki ba ne. Ka san kuma cewa sunan ba ya cikin Baibul, amma cocin Ingila na tunawa da wannan sarki a ranar rasuwarsa. Ka riƙe wannan, za ka buƙace shi in ka je wajen malami.

Batun yayi kuwa, matarka da abokin aikinka duk sun faɗi gaskiya, zamani ne ya raba su. Bayan William na Normandi ya ci Ingila a 1066, sunayen da mutanensa suka zo da su daga Faransa, su William, Robert, Richard da Henry, suka mamaye ƙasar, Alfred ya yi ta ja da baya har ya kusa ɓacewa. A ƙarni na 18 Turawan Ingila suka koma tono tarihin kakanninsu, sarki George na Uku ya sa wa ɗansa sunan a 1780, sarauniya Victoria ta sa wa ɗanta na biyu a 1844, talakawa suka bi. Ya ƙetara har Suwidin, inda aka haifi Alfred Nobel a 1833. A ƙididdigar 1904 yana cikin sunayen maza 20 na farko a Ingila da Wales. Daga nan ya riƙa sauka. Bayan ƙididdigar 1944 ya fice daga 100 na farko, ya zama sunan dattijo mai hular ulu da sanda, kuma wannan hoton ne a kan abokin aikinka. Dalilin sauƙi ne: iyaye na ƙin sunayen tsarar iyayensu don sun gundure su, amma na kakannin iyayensu sabo ne a kunne, shi ya sa suna kan yi kusan shekara 100 ya zagayo. Gajeren sunan, Alfie, shi ya fara dawowa, har ya kai na huɗu a 2010. Arthur ya koma cikin goma na farko a 2018. Shi kansa Alfred ya sake shiga 100 na farko a ƙididdigar 2019 ta ONS, hukumar ƙididdiga ta Birtaniya, shekarar da Ibrahim ma ya shiga. A 2023 kuma Muhammad ne ya zo na ɗaya. Saboda haka ka cire batun dariya. A ajin da ɗanka zai shiga, Alfred ba baƙo ba ne, sunan Baba ma in na annabawa ne ba baƙo ba ne.

Wannan lissafin ya kuma nuna wani abu. Idan an haifi surukinka a shekarun 1940 ko 1950, an sa masa sunan ne lokacin da kowa ke gudunsa, kuma mai yiwuwa ne gado ne daga uba ko kaka. Tambaye ta. In haka ne, sunan gidansu take neman kada ya yanke a hannunta, kuma nauyinsa a zuciyarta ya fi yadda kake zato.

Ta fuskar addini ba za mu ba ka fatawa ba, amma za mu gyara maka tambayar. Sananne ne cewa Annabi (SAW) ya sauya sunayen da ma'anarsu ba ta dace ba, kamar Barra da ya mayar Zainab. Sananne ne kuma cewa ba a halatta sunan da ke nuna bautar wanin Allah ba, kuma ba sharaɗi ba ne suna ya zama na Larabci, ga su Tanko, Gambo da Ɗanladi nan a gidajen malamai. Alfred bai ƙunshi bauta ba. Inda maganar take wuri biyu ne: tushen ma'anarsa, wanda masu harshen suka daina ji tun da daɗewa, da kuma kasancewarsa sunan da aka san waɗanda ba Musulmi ba da shi, abin da malamai da yawa ke ƙyamata. Ka je wajen malamin da Baba ya yarda da iliminsa, ka kai masa bayanin dukkansa: asalin gaɓoɓin, yadda Turawan Ingila ke jin sunan yau, matsayin sarkin a coci, sunan surukinka ne, kuma a tsakiya za a rubuta shi. Idan ka shiga ka ce "Malam, ya halatta in sa wa ɗana Shawarar Aljanu?", kai ma ka san amsar da za ka fito da ita.

Shawararmu ita ce kada Alfred ya zama sunan yanka. Ran suna a raɗa wa yaro sunan Baba, a yanka rago da shi, a yi addu'a da shi, sannan a rubuta Alfred a matsayin suna na tsakiya a takardar haihuwa. Wannan ba ragi ba ne a al'adar matarka, don a Ingila tsakiya ne gurbin da aka saba ajiye sunan kaka. Kuma al'adarmu ta riga ta buɗe mata ƙofa: tunda takwaran Baba ne, kai da Mama da 'yan'uwanka ba za ku kira sunan gatsau ba, alkunya za a yi masa, Abba ko Khalifa ko wani. Yaron dama sunan kira zai tashi da shi. Ka bayyana mata wannan dalla-dalla, don su a wajensu faɗin sunan mamaci a kan jikansa shi ne girmamawa, kuma za ta yi mamakin ganin ka zaɓi suna kana kuma kauce masa.

Amma ku yanke sunan kira tun yanzu, don nan ne ake yin ɓarin. A Ingila ba a barin Alfred a miƙe, Alfie ne ko Alf ko Fred ko Freddie. Idan ita da mahaifiyarta suka fara "Alfie" tun daga asibiti, kai kuma kana fita aiki tun safe, kafin ya shekara biyu ba zai waiwayo ga wani suna ba, kuma shi za a rubuta a gidan rainon yara, don fom ɗinsu kan tambayi sunan da ake kiran yaro da shi a gida. In ka yarda da hakan, shi ke nan. In ba ka yarda ba, ka faɗa yanzu: dangin uwa su kira shi Alfie, amma a gida da makaranta alkunyarsa ko sunan farko.

Akwai kuma tarkon da ya fi ma'anar sunan haɗari, wanda ita ba za ta hango ba. A wajenmu sunan da ke bin na yaro sunan uba ne. A ce sunan Baba Ibrahim, naka Sani, fasfonka kuma na ɗauke da Ibrahim a matsayin sunan iyali. Idan kuka bi tsarin Ingila yaro zai zama Ibrahim Alfred Ibrahim, a Zariya kuwa za a karanta shi Ibrahim ɗan Alfred, jikan Ibrahim, sunanka ya ɓace gaba ɗaya. Ƙari kuma, a Najeriya ta hannun 'yan mishan sunan ya shigo, an fi saninsa da irin su Alfred Rewane da Alfred Diete-Spiff, gwamnan soja na farko na jihar Ribas, don haka duk mai duba takarda a Arewa zai ɗauka uban yaron Kirista ne. Wannan shi zai fi ci wa Baba rai, don maganar nasaba ce. Dokar Ingila ba ta tilasta a ba yaro sunan iyalin uba ba, kuna iya zaɓar sunanka na yanka. Ibrahim Alfred Sani ya fi, a gida a rubuta Ibrahim A. Sani. Abin da za ku biya a kan wannan shi ne sunan ƙarshen yaro zai bambanta da na fasfonka, sai ku riƙa tafiya da cikakkiyar takardar haihuwa mai sunayen iyaye, don jami'an kan iyaka kan tambaya. Kada ku tara suna huɗu don kowa ya samu, fom da yawa a Najeriya gurbi uku ne da su, kuma ma'aikaci ne zai zaɓi wanda zai yar.

Lokaci yana gefenka. A Ingila da Wales kwana 42 ake bayarwa a yi wa jariri rajista, a Scotland 21. Asibiti ba ya buƙatar suna, da sunan iyalin uwa ake rubuta jariri a ɗaurin hannunsa. Saboda haka ku nemi ranar zuwa ofishin rajista bayan kwana bakwai, an riga an yi suna. Idan aurenku yana da rajistar gwamnati, kowane ɗayanku na iya zuwa shi kaɗai ya rubuta sunan da ya ga dama, shi ya sa muke cewa ku je tare. Idan kuwa ɗaurin auren masallaci kawai aka yi ba a yi rajistarsa ba, doka ba ta ɗauke ku ma'aurata ba, kuma sunanka ba zai shiga takardar ba sai kun je tare ko ka cike takardar rantsuwa. Ku rubuta sunayen uku a takarda tun daga gida, a jere yadda kuka amince, da harufan boko marasa ƙugiya, don fasfo ba ya ɗaukar ɓ da ɗ da ƙ. Ka karanta shafin harafi-harafi kafin sa hannu, gyaran kuskure bayan nan kuɗi ne da jira.

Wannan rubutu shi zai bi yaro ko'ina. Ɗan Najeriya ne ta wajenka, zai buƙaci lambar NIN kafin fasfon Najeriya, kuma ofishin fasfo na Birtaniya yana neman sunan da ke fasfon wata ƙasa ya yi daidai da nasa. Kada ka yi dabarar cire Alfred a takardun Najeriya ka bar shi a na Ingila. Ranar sabunta fasfo za a tsayar da ku sai sunayen sun daidaita, kuma gyaran suna a takardun gida ba aikin yini ɗaya ba ne.

Kada kuma ka ɓoye wa Baba. Ran da kuka kawo yaro gida wani zai buɗe fasfon. Ka fara da matarka a wannan makon, ba daren suna ba, lokacin tana fama da jego da rashin barci. Kada ka buɗe maganar da aljanu, a kunnenta zagin mahaifinta ne da bai daɗe a ƙasa ba. Ka ce kana so yaro ya ɗauki kakanninsa biyu, ga yadda za a jera, ga dalili. Bayan kun daidaita ka ga malami, sannan ka kira Baba, ko ka bi ta wani baffa da yake jin maganarsa. Ka fara da albishir ɗin takwara, ka bari ya gama murna da sa albarka, sannan ka ce iyalinka ta yi rashin uba, ka ga ya dace a rubuta sunansa a tsakiya a takardar Turawa, sunan yanka da nasaba suna nan yadda suke. Dattijon da aka nemi izininsa ya fi wanda aka sanar sauƙin lallashi.

Idan malamin ya hana, ko zuciyarka ta ƙi kwanciya, ka tambaye ta sunan tsakiya na mahaifinta. A tsararsa da wuya a rasa, kuma idan Edward ne ko Edmund, kun huta da batun ælf. Su ma tsohon Ingilishi ne, gaɓarsu ta farko ead na nufin arziki, ta biyun kuma mai tsaro ko mai kāriya, kuma sun tsira bayan 1066 ne saboda sarki Henry na Uku ya sa wa 'ya'yansa biyu. Sai dai batun kasancewarsu sunayen waɗanda ba Musulmi ba da batun nasaba suna nan, ka sake tambaya. Akwai kuma Farid, sunan Larabci mai ma'anar wanda ba shi da na biyu. Dangin uwa za su gajarta shi Fred ba tare da wahala ba, a Zariya kuma ba mai ɗaga gira. Kada dai ka ce mata fassarar Alfred ne, don ba su haɗa komai ba sai amo, kuma ita ce za ta ce ko amon ya ishe ta tuna mahaifinta. Idan kun yi rajista sannan ɗayanku ya ji ba zai iya zama da sunan ba, dokar Ingila da Wales ta ba da damar sauya sunan farko ko na tsakiya cikin wata 12 daga ranar rajista, sabon ya shiga gurbi na 17 na takardar, tsohon kuma yana nan a rubuce. Wannan damar ba ta shafi sunan iyali ba. Bayan wata 12 sai ta takardar sauya suna da suke kira deed poll, kuma ga yaron da bai kai shekara 16 ba sai ku biyun kun amince.